Wane suna za mu ba ka'idar Einstein da Hausa?

Mushe_Damagaram:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni malamin fizik ne a wata lise a Damagaram. Da Faransanci na yi karatu, da shi nake koyarwa, amma duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san in ka ga aji ya yi tsit, dole ka sauko ka maimaita da Hausa. Makon jiya bayan an tashi wata ɗaliba ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Mushe, mene ne relativité da Hausa?" Na ce mata dangantaka. Ta ce, "Dangantakar wa da wa?" Tun ranar abin yake cina a rai.

Ga kalmomin da suka tsaya mini a wuya: relativité restreinte, relativité générale, espace-temps, dilatation du temps, trou noir. Ra'ayina shi ne dangantaka ba ta dace ba, don tana kai hankalin yaro ga zumunta da auratayya. Gara a bar kalmar baƙuwa yadda ta zo da a saka mata rigar da ba tata ba. In na yi kuskure a gyara mini.

Malama_Fizis:
Wa alaikumus salam Malam. Ban yarda a bar ta yadda ta zo ba. Ku can za ku bar ta da Faransanci, mu nan Kano mu bar ta da Turanci, sai yaron Maraɗi da na Katsina su kasa tattauna darasi ɗaya alhali harshensu ɗaya. Kuma dangantaka ba ta yi nisa ba kamar yadda kake gani. Tambayi Bahaushe yaushe motar nan za ta isa, zai ce maka "ya danganta." Tushen ke nan. Tsawon abu da tsawon lokacin da ya ɗauka sun danganta da wanda ya auna da irin gudun da yake yi.

Dalibin_Isfahan:
Bari in kawo muku abin da na gani a Iran, can na yi digirina na farko kuma da Farisanci aka koya mana. Su suna cewa nesbiyat. Daga Larabci take, tushenta ɗaya da nasaba tamu. Wato su ma kalmar da ke nufin jingina abu ga wani abu suka ɗauka, kuma ba wanda ya taɓa ɗaga hannu a aji ya ce nasabar wa da wa, don kunne ya riga ya saba. Ka'idar Einstein ta 1905, relativité restreinte, suna kiranta nesbiyat-e khas, ta 1915 kuma, relativité générale, nesbiyat-e am. Espace-temps ɗinka, Mushe, su faza-zaman suke cewa. Zaman ɗin nan shi ne zamaninmu.

Almajirin_Zaure:
Allahu Akbar, khas da am! Ai wannan mun sha shi a usulul fiƙhi. Amm shi ne hukuncin da ya game kowa, khass wanda aka keɓe. Malamanmu na zaure sun daɗe da fassara su: gamamme da keɓantacce. To me ya hana a ce keɓantacciyar dangantaka da gamammiyar dangantaka?

Malama_Fizis:
@Almajirin_Zaure Allah ya ƙara sani, wannan ya fi abin da nake faɗa wa ɗalibaina. Ni "ta musamman" nake cewa, don na biyo kalmar Turanci, kuma na lura yara suna ɗauka ita ce babba, mai alfarma. Alhali ita ce ƙaramar. An keɓe ta ne ga masu tafiya a miƙe da gudu ɗaya, ba ƙari ba ragi, ba a sa nauyin taurari a lissafi ba. A nan Faransawa sun fi kowa gaskiya da suka ce restreinte, wato wadda aka taƙaita.

Mushe_Damagaram:
Na karɓi keɓantacciya da gamammiya hannu bibbiyu. Amma Malama, "ya danganta" ɗin nan shi ne ainihin tsorona. Na sha jin mutane masu karatu suna cewa ai Einstein ya tabbatar komai ya danganta, babu gaskiya tsayayya. Ka'idar kuwa a kan abin da ba ya canzawa aka gina ta. Gudun haske mita 299,792,458 ne a sakan ɗaya, ko kana binsa a guje, ko kana tahowa ka tare shi, ko kana zaune. Dokokin fizik ɗaya ne ga kowa. Shi kansa Einstein ya amsa daga baya cewa sunan da ke nuna rashin canzawa zai fi bayyana hanyar da ya bi, sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Su sun makale da sunan. Mu da ba mu raɗa ba tukuna, don me za mu gaji matsalarsu?

Baba_Mai_Ritaya:
Yarana, na koyar shekara 33 kafin in ajiye alli, ku bar ni in sa baki. Suna ba ya ɗaukar dukan ma'ana. Mun ce jirgin sama, alhali jirgi na ruwa ne tun asali, kuma ba wanda ya rikice. Abin da ke zaunar da kalma shi ne yawan faɗarta. Mushe, in ka raɗa sabon suna kai kaɗai a Damagaram, ɗalibarka za ta buɗe littafi ta ga relativité, ta rasa inda sunanka ya haɗu da shi.

Dan_Tasha_88:
Ni fa direba ne, ban yi nisa a boko ba, amma ina bin ku. Wai da gaske lokaci yana miƙewa kamar roba? A yi mini bayani yadda zan gane don Allah.

Injiniya_Gusau:
@Dan_Tasha_88 Yaya, kai ma kana amfani da shi kullum in ka kunna taswirar wayarka. Taurarin ɗan'adam na GPS suna yawo a nisan kilomita kusan 20,000 daga ƙasa, kowanne ɗauke da agogo mai tsananin daidaito. Saboda gudun da suke yi, agogonsu yana yin baya da kusan kashi 7 cikin miliyan na sakan a kowace rana. Saboda kuma sun yi nisa da nauyin duniya, yana yin gaba da kusan kashi 45. In ka cire 7 daga 45 saura 38. Kamar ba komai ba ne, amma haske yana cin mita 300 a kashi ɗaya tak cikin miliyan na sakan. Da ba a gyara wannan bambanci ba, a yini guda taswirar za ta kauce da kimanin kilomita 10, ta ajiye ka a daji ta ce ka iso tasha.

Dan_Tasha_88:
Ikon Allah. To wanda ke cikin abin, shi yana jin lokacinsa ya yi nawa?

Malama_Fizis:
A'a Yaya, kuma tambayarka ita ce zuciyar maganar. Ba ya jin komai. Bugun zuciyarsa, agogonsa, yunwarsa, duk daidai suke a wurinsa. Sai an gwada agogonsa da na wani ne bambanci ke fitowa. Shi ya sa nake ɗari-ɗari da "miƙewar lokaci", don tana sa mutum ya zaci abu ne da ake ji a jiki.

Ga misalin tagwaye, wanda Bafaranshe Paul Langevin ya fara kawo irinsa a 1911. Hassan ya zauna gida. Hussaini ya hau kumbo mai gudun kashi 80 cikin 100 na gudun haske, ya nufi tauraron da haske ke ɗaukar shekara 4 kafin ya kai. A lissafin Hassan shekara 5 zuwa, 5 dawowa, 10 ke nan. Hussaini ya sauko, kalandarsa da jikinsa duk shekara 6 suka ƙirga. Ba wanda agogonsa ya lalace. Hanyoyi biyu suka bi, kuma hanyoyin ba tsawonsu ɗaya ba a ma'aunin lokaci.

Dalibin_Isfahan:
Farisawa ettesa-e zaman suke cewa, wato yalwatar lokaci, tushe ɗaya da wasi'i na Larabci. Fassarar dilatation ce kai tsaye. Ita ma tana da aibin da Malama ta faɗa. Ni da za a bi tawa, sai mu ce saɓanin agogo.

Ummu_Hanan:
To ashe wannan shi ne abin da ya faru da Ashabul Kahfi? Sun kwanta shekara 300 da ƙarin 9, suka farka suna zaton yini ɗaya ne ko wani yanki na yini. Na ji wani yana cewa ayar ta riga Einstein faɗin wannan.

Almajirin_Zaure:
Hajiya, a yi hattara a nan. Barci Allah ya sa musu, ayar ta faɗa ƙarara, har ana jujjuya su dama da hagu, rana tana fitowa tana faɗuwa a bakin kogonsu. Ba gudu suka yi ba. Mu'ujiza ba ta buƙatar lissafin wani ya tsaya mata. Ƙarin 9 ɗin kuwa, malaman tafsiri da dama sun ce bambancin shekarar rana ne da ta wata, don 300 na rana sun yi daidai da kusan 309 na wata. In muka ɗaura aya a jikin ka'idar kimiyya, ranar da masana suka yi wa ka'idar kwaskwarima me za mu ce wa yaran da muka koya wa haka?

Ummu_Hanan:
Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Na fahimta.

Zara_Matar_Wata:
Ku dawo kan kalmomi, akwai wadda ta fi dangantaka ɓarna kuma ba wanda ya taɓo ta: maganaɗisun ƙasa. A rediyo ina jinta, a rubuce-rubuce ina ganinta. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, ba ya jan mangwaro. Kuma duniya tana da maganaɗisunta na gaske, wanda ke juya allurar kamfas. In mun ba abin da ke faɗo da mangwaro wannan suna, me za mu kira na allurar?

Dalibin_Isfahan:
Yaya Zara kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Farisawa suna da biyu. Tsohuwar ita ce jazebe, daga Larabci, ma'anarta ja, tushe ɗaya da majazubi da muke ji a bakin mutanen ɗariƙa. Sabuwar ita ce geranesh, daga geran, mai nauyi. A littattafan jami'a geranesh ta fi yawa yanzu. Gravité ta Faransanci ita ma daga kalmar Latin ce mai nufin nauyi. Kuma a gamammiyar ka'idar an bar maganar ja gaba ɗaya, don haka geranesh ta fi zama lafiya.

Mushe_Damagaram:
Matsalar ita ce nauyi ya riga ya yi mana aiki biyu. Muna da masse muna da poids, duk nauyi muke cewa. Buhun gero in ka kai shi wata, poids ɗinsa zai koma kashi ɗaya cikin shida, amma geron bai ragu da ƙwaya ɗaya ba. Yanzu mu ƙara masa aiki na uku?

Dalibin_Isfahan:
Su jerm da vazn suke raba su da shi. Vazn shi ne awo na sikeli.

Dan_Tasha_88:
Tsaya Malam, ka ce an bar maganar ja. In ba ja ba, me ke riƙe da mu a ƙasa?

Malama_Fizis:
Yaya, samo ƙwarya ka kife ta. Ka sa tururuwa biyu a gefenta na ƙasa, da ɗan rata tsakaninsu, kowacce ta miƙe sak ta nufi sama, ba ta waiwayar 'yar'uwarta. A ƙoƙon ƙwaryar za su haɗu. Ba abin da ya ja su, lanƙwasar ƙwaryar ce ta haɗa hanyoyinsu. Abin da Einstein ya kawo a watan Nuwamba na 1915 ke nan: abu mai jiki kamar rana yana lanƙwasa wuri da lokacin da ke kewaye da shi, sauran abubuwa kuma suna bin mafi miƙaƙƙiyar hanyar da ta rage musu. Mangwaron da ya tsinko miƙaƙƙiyar hanyarsa yake bi. Kai da ke zaune, ƙasa ce ta tare ka ta hana ka bin taka, wannan tokarewar ita kake ji a matsayin nauyinka. Faransawa courbure suke cewa, mu lanƙwasa ta ishe mu, a nan ba mu buƙatar aron komai.

Injiniya_Gusau:
Kuma kusa da mu aka fara gwada ta. Ranar 29 ga Mayu 1919 aka yi husufin rana, Arthur Eddington ya je tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini, kudu da gaɓar Nijeriya, wata tawagar kuma ta je Sobral a Brazil. Suka ɗauki hoton taurarin da ke gefen rana lokacin da wata ya rufe ta, don a ga ko haskensu ya karkace da ya gifta ta kusa da ita. Einstein ya ce zai karkace da sakan 1.75 na kusurwa, wato ka raba digiri ɗaya gida 3,600 ka ɗauki gida ɗaya da kashi uku cikin huɗu. Sakamakon ya goyi bayansa. Ni na ga husufin 29 ga Maris 2006 da idona a Gusau, gari ya yi duhu da hantsi, kaji suka nufi akurki. Tun ranar nake jinjina wa mutanen da suka tsaya auna taurari a cikin 'yan mintocin nan.

Dalibin_Isfahan:
Tunda an ambaci sakan, ga wani tarko. A Farisanci da Larabci daƙiƙa minti ce, sakan kuwa saniye. Mu a Hausa da yawa daƙiƙa sakan muke nufi. Watannina na farko a can na sha ruɗewa a kan wannan. Duk wanda zai aro mana kalma daga gabas ya duba ko mun riga mun aro ta da wata ma'ana.

Baba_Mai_Ritaya:
Ɗana na Isfahan, ina da tambaya. Su wa ke raɗa musu kalmomin nan? Don mu a nan an sha zama a jami'o'i, an fitar da jerin kalmomi, amma ban ga sun iso aji ba.

Dalibin_Isfahan:
Baba, suna da majalisar harshe da ake kira Farhangestan, an fara kafa ta a 1935. Kafin nan Faransanci ne ƙofar kimiyyar zamani a wurinsu, tun makarantar Darul Funun da aka buɗe a Tehran a 1851, shi ya sa har yau fizik suke cewa kamar mutanen Nijar, godiya ma sai ka ji mersi. Wasu sabbin kalmomin da aka raɗa sun kama ƙasa sosai, kamar daneshgah, jami'a, da havapeyma, jirgin sama. Wasu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da baƙuwar, kamar rayane da kwamfuta. Akwai kuma wani masanin falaki ɗan ƙasar, Mohammad Heydari-Malayeri, da ya yi aiki a cibiyar duba taurari ta Paris, ya haɗa ƙamus na falaki da Turanci da Faransanci da Farisanci, yana bin kowace kalma har tushenta. Shi bai gamsu da nesbiyat ba, ya gina bazanigi daga tushen Farisanci tsantsa. Aiki ne na ban mamaki, amma ni a aji nesbiyat kaɗai na ji. Abin da ya ba su ƙarfi, Baba, shi ne da harshen ake rubuta littafin makaranta, da shi ake jarrabawa.

Baba_Mai_Ritaya:
To ka ji inda gizo ke saƙar.

Zara_Matar_Wata:
Ban yarda mu jira sai an fara jarrabawa da Hausa ba, Baba, da girmanka. Kakata ba ta shiga aji ba amma ta nuna mini Gamzaki da asuba, ta nuna mini Kaza da 'Ya'yanta. Sunayen nan ba majalisa ce ta raɗa su ba. Farisawa ma galaxie, babban tarin taurari, kahkeshan suke ce mata, wato hanyar da aka ja tattaka ta zuba, kalmar manoma ce. Kuma Abdurrahman as-Sufi, mutuminsu, tun wajen shekarar 964 ya rubuta cewa ya ga wani ɗan gajimare a sama, wanda yau aka san tarin taurarin Andromeda ne. Ya kira shi da abin da idonsa ya gani. Mu ma mu fara da abin da ke bakin mutane.

Ƙanin_Kowa:
Yayyena ku taimaka, trou noir ɗin da Mushe ya lissafa ba wanda ya amsa. Ni a rubuce "bakin rami" nake gani, na daɗe ina zaton gefen wani rami ake nufi.

Malama_Fizis:
Ƙanena, ƙugiyar ƙ ce ta faɗi, don wayoyi da yawa ba su da ita. Baƙin rami ne, mai launin baƙi. Trou noir ma haka take nufi.

Dalibin_Isfahan:
Siyah-chale a Farisanci. Siyah baƙi, chale rami. Kowa fassara ya yi.

Injiniya_Gusau:
Amma ku lura, kuskuren Ƙanin_Kowa ya ba mu kyauta. Baƙin rami yana da iyaka wadda in abu ya tsallake ta ba ya dawowa, ko da haske ne. Faransawa suna ce mata horizon des événements, Farisawa ofoq-e ruydad, dukansu dogaye kuma sai an yi bayani. Mu kuwa muna da ita a shirye: bakin rami. Bakin baƙin rami. Karl Schwarzschild ne ya fitar da lissafinta a 1916. Da za a matse rana har ta zama baƙin rami, daga tsakiyarta zuwa bakin kilomita 3 ne kacal. Duniyarmu kuwa milimita 9, ba ta kai goro ba. Hoton da aka fitar ranar 10 ga Afrilu 2019 na wanda ke tsakiyar tarin taurarin da ake kira M87, zoben wutar da kuka gani iskar gas ce mai zafi da ke kewaye, duhun tsakiyar kuma inuwar bakin ce.

Mushe_Damagaram:
Bakin baƙin rami ya yi daɗi a kunne, amma a rubuce fa? Wanda ba shi da ƙugiya zai rubuta kalma ɗaya sau biyu. Kuma rami yana sa yaro ya zaci akwai ƙasa a gindinsa da za a faɗa a tarar. Abin dunƙule yake, ta kowane gefe ka zo bakinsa ne.

Zara_Matar_Wata:
Wannan aibin yana cikin trou da chale ma, Mushe, kuma ba su fasa ba. Maganin ƙugiya kuwa a sa allon rubutun Hausa a waya, kyauta ne.

Almajirin_Zaure:
Saura espace-temps. Larabawa sun narka zaman da makan suka yi zamakan, kalma ɗaya. Hermann Minkowski da ya kawo batun a 1908 ai cewa ya yi su biyun abu guda ne. In mun ce "wuri da lokaci", wannan "da" ɗin ta sake raba su.

Malama_Fizis:
Ni wuri-lokaci nake rubutawa da karan ɗori. Na guji sarari don yara suna jin sararin samaniya kawai, alhali cikin ɗakinka ma espace ne.

Baba_Mai_Ritaya:
Wuri kuma yana nufin sammako, 'yata. "Ya zo da wuri." In kin haɗa shi da lokaci, wani zai ji kamar kina cewa a zo kan lokaci. Ku dai ƙara tunani.

Mushe_Damagaram:
Na koma wurin ɗalibar tawa yau. Na ba ta keɓantacciya da gamammiya, na ba ta ƙwaryar Malama, har ta ce za ta gwada da alli a gida. Na gaya mata jami'armu ta Yamai sunan masanin fizik take ɗauke da shi, Abdou Moumouni, don ta san ilimin nan ba na wasu ba ne can. Kan dangantaka kuwa har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba, na ce mata ta riƙe relativité a takarda, a baki kuma mu ce ka'idar ma'auni da mai awo kafin a samu wadda ta fi. Sai ta ce to référentiel fa, wato inda mai awo yake tsaye yana awonsa, shi da me za ta kira shi?

Dalibin_Isfahan:
Charchub-e marja. Charchub itace huɗu ke nan, katakon da ke riƙe da ƙofa. Mai awon kuma nazer, tushe ɗaya da nazari.

Dan_Tasha_88:
In na gane, kamar fasinjan da ke cikin motata ne yana zuba shayi a kofi ba ya zubewa, shi a wurinsa zaune yake, mai sayar da rake a bakin titi kuma yana ganin shi da kofin sun wuce a guje. Mu a tasha mazauni muke cewa. Kowa da mazauninsa. Ko bai yi ba, Malama?

Malama_Fizis:
Zan kai shi aji ranar Litinin in ji abin da yara za su ce, Yaya. Mushe, kai ma ka gwada shi a Damagaram mu ga ko kunnuwan can za su karɓa.